Ƙaramar Mota da Jan Ɗakin Tafi-da-gidanka: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗakin tafi-da-gidanka, wato ƙaramar tirelar nan mai gado da wurin girki wadda ake ɗaurawa a bayan mota, ba abu ne da ido ya saba gani a titunan Kano ba. Masu sha'awarsa galibi manoma ne masu gonaki nesa da gari, da 'yan kwangilar da aiki ke kai su ƙauye su kwana, da magidantan da ke son kai iyali Tiga ko Yankari lokacin hutu. Kusan dukkansu ƙaramar motar gida gare su, kuma tambayarsu ɗaya ce: ko motar da ke hannunsu za ta wadatar.

Ƙaramar mota za ta iya jan irin wannan ɗaki ko ba za ta iya ba?

Za ta iya jan ƙarami mara nauyi, ba za ta iya jan babba ba, kuma abin da ke raba tsakani lambobi ne da ke rubuce a jikin motar. Kuskuren da aka fi yi shi ne gwada motar a fili, a ga ta ja kayan ta tafi, sai a ce magana ta ƙare. Tayar da kaya masu taya daga tsaye ba wani abin a zo a gani ba ne, domin ko babur mai ƙafa uku zai iya motsa abin da ya fi shi nauyi a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Abin dubawa shi ne ko motar za ta iya tsayar da kayan idan akuya ta faɗo titi, ko za ta riƙe su a miƙe idan babbar mota ta wuce da iskarta, da kuma ko injin da giya za su jure awa uku suna ja a zafin watan Afrilu.

Akwai ƙananan ɗakuna masu ɗaukar mutum biyu da ba su kai kilo 750 ba. Irin na Turai masu gadon mutum huɗu sukan kama daga kilo 1,200 zuwa 1,600 idan an loda su, manyan na Amurka kuwa da yawansu sun haura kilo 2,000, kuma waɗannan ba aikin ƙaramar mota ba ne ko kaɗan.

A ina zan ga iyakar nauyin da motata za ta iya ja?

Wuri na farko shi ne littafin da kamfani ke haɗowa da motar. Da yake yawancin motocin da ke hannun jama'a na hannu ne, littafin ya daɗe da ɓata, amma ana samun kwafinsa a intanet idan aka nema da sunan motar da shekarar ƙira da girman injin. A ciki za a ga lambobi biyu, ɗaya na tirela mai birkinta, ɗaya na mara birki, sannan da na uku wanda ke nuna nauyin da aka yarda ya danna kan ƙwallon ƙarfen da ake ɗaura tirelar.

Idan motar 'yar Turai ce, akwai wani ɗan faranti ko takarda a jikin ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet, mai ɗauke da lambobin nauyi guda huɗu a jere. Na farko shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, na biyu shi ne iyakar nauyin motar haɗe da tirela, sauran biyun kuma na ƙafafun gaba da na baya ne. A cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne kimanin abin da motar za ta ja idan ita ma tana cike. Alal misali, idan an rubuta 1,900 da 3,200, amsar ita ce kilo 1,300. Idan kuwa gurbin lamba ta biyu babu komai a ciki, to kamfanin bai amince a ja komai da motar ba.

Motocin da aka shigo da su daga Amurka da laba suke lissafi, kuma laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba. A jikin ƙofarsu ana rubuta GVWR, wato iyakar nauyin motar da kayanta, amma nauyin ja sai an duba littafi. Toyota Corolla ta Amurka ta shekarun 2003 zuwa 2013 an yarje mata laba 1,500, kimanin kilo 680 ke nan, kuma akwai ƙananan motocin Amurka da dama da littafinsu ya ce kada a ja tirela da su sam. Dalilin da ya sa lambobin Amurka suka fi na Turai ƙanƙanta shi ne can ana ɗora wa ƙwallon ja nauyi mai yawa kuma ana gudu da tirela fiye da yadda dokar Turai ta yarda. Mai motar Amurka ya bi lambar motarsa, kada ya ari ta 'yar'uwarta ta Turai don ta fi daɗin ji.

Idan kamfani ya ce kilo 1,300, ke nan zan iya jan kilo 1,300 cif?

Ba na ba da wannan shawara, musamman a nan. Lambar kamfani an fitar da ita ne a kan sabuwar mota mai lafiyayyen birki da sabbin tayoyi, alhali motar da ta shekara goma sha biyar tana shan ramuka ba ita ce wadda aka gwada ba. A Ingila, inda jan irin waɗannan ɗakuna ya zama ruwan dare, ƙungiyoyin masu harkar suna shawartar sabon shiga da kada nauyin ɗakin da kayansa ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar tana wayam. Motar da ke da kilo 1,400 ke nan kada ta ja fiye da kilo 1,190. Ba doka ba ce, amma ma'auni ne mai hankali, kuma duk wanda ya fi ƙanƙanta tsakaninsa da lambar kamfani shi za a bi.

Akwai kuma lissafin da mutane ke mantawa, wato na cikin motar kanta. Idan motar kilo 1,400 ce kuma iyakarta 1,900, abin da za ta ɗauka kilo 500 ne kawai. Manya biyar masu kilo 70 kowannensu sun cinye 350. Wuyan tirelar zai danna bayan motar da kamar kilo 75. Saura kilo 75, wato buhun shinkafa ɗaya da jarkar ruwa ɗaya, but ɗin ya gama aikinsa. Wanda ya mayar da motarsa mai amfani da iskar gas kuwa ya tuna cewa tukunyar da aka ɗaura masa a but ta riga ta ci wani kaso na wannan nauyi, kuma a baya take, inda tirelar ma za ta danna.

Mai sayarwa ya faɗa mini nauyin ɗakin. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba, domin nauyin da ake faɗa a ciniki na ɗakin da babu komai a ciki ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tankin lita 100 kilo 100 ne. Babban batirin sola guda ɗaya yakan kai kilo 60, tukunyar gas mai cin kilo 12.5 idan tana cike ta haura kilo 25, ga janareta, ga katifa, ga tukwane da kayan abinci. Kafin a ankara an ƙara kilo 300. Hanyar da ta fi ita ce a loda ɗakin kamar yadda za a yi tafiya da shi, a kai shi kan sikelin da ake auna manyan motoci a masana'antu da wuraren sayen hatsi, a auna shi shi kaɗai, sannan a auna motar da mutanenta.

Dole ne tirelar ta kasance da nata birkin?

Idan nauyinta ya wuce kilo 750, ko ya wuce rabin nauyin motar, dole ne. Wannan ita ce ƙa'idar Ingila, kuma dalilinta a bayyane yake: birkin ƙaramar mota an yi shi ne don nauyin motar, idan aka ƙara masa tan guda a baya sai tazarar tsayawa ta yi tsawo, farantan birki su ɗau zafi, kuma a doguwar gangara ƙafa na iya nutsewa motar ba ta tsaya ba.

Tirelolin Turai suna da birkin da ke kama kansa: idan mota ta rage gudu, tirelar ta turo ta, wannan turin ne ke jan birkin tayoyinta. Na Amurka kuwa galibi na lantarki ne, kuma ba ya aiki sai an sanya wata na'ura a cikin motar kusa da direba an haɗa mata waya. Wanda ya sayi tirelar Amurka ya ɗaura ta haka nan ba tare da wannan na'ura ba, tirela mara birki yake ja ko da kuwa an ce masa tana da shi. Ya kamata kuma a tabbatar da siririyar wayar ƙarfen nan da ke jan birki idan tirela ta kuɓuce, ko sarƙoƙi biyu da ake gicciyawa a ƙarƙashin wuyanta don su tallafe shi kada ya caki kwalta.

Me ke sa tirela ta riƙa tangaɗi a bayan mota?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin tangaɗi ne ke kifar da mota. Babban dalilinsa rashin iya lodi ne. Duk mai tura kurar ruwa ya san cewa idan jarkoki suka taru a can ƙarshe, hannun kurar sai ya nemi tashi sama, ta ƙi bin inda ake so. Haka tirela take: idan nauyi ya koma bayan tayoyinta, wuyanta zai riƙa ɗaga bayan motar, tayoyin baya su rage kama ƙasa, sai ƙaramar iska ko ɗan juya sitiyari ya sa ta fara lilo hagu da dama, kowane lilo ya fi na bayansa faɗi.

Maganinsa shi ne a ajiye kaya masu nauyi a ƙasa, a saitin tayoyi ko ɗan gaba da su kaɗan, a ɗaure su yadda ba za su zame ba, a bar akwatunan sama wa tufafi da abubuwa marasa nauyi. Janareta da jarkokin ruwa kada su je ƙarshen baya, ko da a can ne aka fi samun fili. Nauyin da wuyan tirela ke dannawa a kan ƙwallo ya kamata ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyinta ga irin na Turai, kashi 10 zuwa 15 ga irin na Amurka, muddin bai wuce abin da motar ta yarda da shi ba, wanda ga ƙananan motoci yakan tsaya tsakanin kilo 50 da 100. Auna shi ba wuya: a samu sikelin da mutum ke hawa ya auna kansa, a yanko katako daidai tsayin da wuyan ke zama idan an ɗaura shi, a tsayar da katakon a kan sikelin, a saukar da wuyan a kansa a hankali bayan an tokare tayoyi da dutse. Idan kuma nauyin ya yi yawa, bayan motar zai durƙusa, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, fitilu su koma haska idon masu tahowa.

Sauran abubuwan da ke tayar da tangaɗi su ne gudu, da ƙarancin iska a taya, da shokozoba da ta mutu, da iskar da ke bugowa daga gefe, irin wadda ke zuwa gabanin hadari a farkon damina ko wadda tankar mai ke turowa idan ta wuce.

To idan tangaɗin ya fara ina cikin tafiya, me zan yi?

A ɗage ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, a bar motar ta rage gudu da kanta. Kada a taka birki da ƙarfi, kada a yi ƙoƙarin gyara lilon da juya sitiyari, domin hannun mutum kullum a makare yake zuwa, sai ya ƙara wa abin ƙarfi. Maganar da wasu ke yi cewa a ƙara wuta don tirelar ta miƙe kuskure ce, ƙaramar mota ba ta da ƙarfin yin haka. Mai birkin lantarki zai iya danna birkin tirelar kaɗai da hannu daga na'urar. Da zarar ta lafa, a sauka gefen hanya a sake duba lodi da tayoyi.

Zan iya sa mai walda ya liƙa mini ƙwallon ja a jikin bamba?

A'a. Bambar motocin yanzu roba ce a kan siririn ƙarfe, ba a yi ta don ja ba. Ƙarfen ja na gaskiya an ƙera shi ne don takamaiman irin mota, ana ɗaure shi da notina a wuraren da kamfani ya tanada a jikin gangar motar, kuma yana ɗauke da ɗan faranti mai nuna iyakar nauyinsa. Motocin Turai da yawa suna shigowa da shi a jikinsu, kuma akan dace da irinsa a wajen masu sayar da kayan mota na hannu irin na Ƙofar Ruwa. Kafin a saya a kwanta a ƙarƙashin motar da fitila a duba wuraren ɗaurin, domin motar da ta yi zaman ƙasashen ƙanƙara inda ake watsa gishiri a titi takan zo da tsatsa a daidai nan, haka ma wadda aka taɓa daka ta baya aka miƙe ta.

Girman ƙwallon ma abin lura ne. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka akwai mai inci 2, akwai kuma ƙarami wanda bai kai milimita 48 ba. A ido kusan ɗaya suke, amma bakin tirelar Turai a kan wannan ƙaramin ƙwallo zai iya fita a ramin farko. Haka soket ɗin fitilu ya bambanta, na Turai mai baki 7 ko 13 ne, na Amurka mai 4 ko 7, saboda haka sai mai gyaran wayar mota ya haɗa su har a ga fitilar birki da sigina suna kamawa a bayan tirelar.

Zafin Kano zai shafi injin da giya?

Ƙwarai kuwa. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan kai digiri 40 har ya wuce, kuma ɗakin tafi-da-gidanka dogo ne mai faɗin gaba, yana tare iska, saboda haka injin yana aiki tuƙuru ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Lagireto ya zama wankakke, fanka tana tashi a kan lokaci, kuma a zuba ruwan sanyaya inji na ainihi maimakon ruwan rijiya. Giya mai canza kanta ita ce ta fi shan wahala, domin man da ke cikinta yana ɗaukar zafi sosai a lokacin ja, kuma zafi ne ke kashe ta. Yana da kyau a canza man kafin tafiya, a ƙara mata ɗan ƙaramin lagireto nata idan za a riƙa ja akai-akai, a kuma hana ta shiga giyar ƙarshe idan tana ta hawa da sauka tsakanin giya biyu. Mai giyar hannu kuma kulocinsa ne zai ji jiki wajen tashi a kan tudu.

Idan allurar zafi ta fara hawa, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a sauka gefe, kuma kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi. Shan mai zai ƙaru sosai, don haka a yi lissafin gidajen mai tun daga gida.

Wane gudu ya dace, kuma wace hanya ce ta fi sauƙi?

A Ingila mai jan tirela ba ya wuce kimanin kilomita 96 a awa a babbar hanya, da 80 a hanyar da ba tagwaye ba, a Jamus ma 80 ce ƙa'idar asali, kuma waɗannan hanyoyi ne da ramuka da dabbobi ba su kai yawan na hanyoyinmu ba. A hanyoyinmu ina ganin 60 zuwa 70 ya isa. Ƙarfin da birki zai kashe a gudun 100 ya ninka na gudun 70 sau biyu, ga kuma tazarar da za a bari tsakani da motar gaba, wadda ya kamata ta ninka ta kullum.

Tagwayen hanyoyi irin na Kano zuwa Zariya sun fi sauƙi saboda masu sauri za su wuce ba tare da matsi ba. Hanyar Jos ta Tudun Wada da dajin Falgore kuwa tana da kwanoni da hawa, kuma Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku alhali Kano ba ta kai 500 ba, don haka injin zai ji hawan. A gangara a sauko da giya ƙasa injin ya riƙe motar, kada a kwanta a kan birki. Tafiyar dare da ta cikin hazon hunturu mai kauri gara a bar su.

Yara ko wani babba zai iya zama a cikin ɗakin ana tafiya?

Ko kusa. Babu bel, bangonsa siriri ne, kuma motsin mutum a ciki kaɗai ya isa ya tayar da tangaɗi. A rufe tukunyar gas ma kafin a tashi.

Wanda maƙeranmu suka haɗa a gida fa?

Masu walda a Kano suna da hannu, amma abin da suka saba haɗawa da ƙarfen kwana da farantin ƙarfe yakan fi na kamfani nauyi nesa ba kusa ba, kuma galibi ana ɗora shi ne a kan ƙafar bayan tsohuwar mota ba tare da birki ba. Wanda zai ba da irin wannan aiki ya ƙayyade nauyi tun farko, ya sa a ajiye tayoyin ɗan baya da tsakiyar ɗakin don nauyi ya rinjaya gaba, ya sa tankin ruwa a ƙasa a saitin tayoyi, sannan ya auna bayan an gama. Tayoyin kuma su zama masu ɗaukar nauyin, a duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT a jikinsu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar tirela takan tsufa ta tsattsage a rana tun zanenta bai cinye ba.

Yaya batun shiga gari da komawa da baya?

Tayoyin tirela suna yanke kwana ta ciki, don haka sai an buɗe kwana sosai, kuma a cunkoson Adaidaita Sahu irin na Sabon Gari ko Kantin Kwari wani zai iya kutsawa tsakanin mota da tirela bai lura ba. Lungunan cikin birni ba wurinta ba ne. A san tsayin ɗakin kafin a bi ta gadar ƙasa ko ƙofar gida, a kuma ƙara madubin gefe mai tsawo idan ɗakin ya fi motar faɗi. Wajen ribas, a ɗora hannu a ƙasan sitiyari, duk inda hannun ya nufa can bayan tirelar zai nufa, a tafi sannu a hankali da wani a ƙasa yana nuni. A koyi wannan a fili mara mutane kafin ranar tafiya.

Akwai abin da ya shafi hukuma?

Tirela abin hawa ce a kan titi, don haka fitilun baya da sigina da abin ƙyalli da lamba mai karantuwa duk wajibi ne. Kafin a fara fita da ita, a je ofishin jami'an duba lafiyar motoci da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a ji takardun da ake buƙata da iyakar gudun da ta shafe ta, domin su da jami'an KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, ne za a haɗu da su a hanya. A sanar da kamfanin inshora ma a rubuce cewa motar za ta riƙa ja.

Idan lissafi ya nuna motata ba za ta iya ba, wace mota ce za ta iya?

Toyota Sienna an yarje mata laba 3,500, kimanin kilo 1,590, Highlander mai silinda shida daga ƙirar 2008 takan kai laba 5,000 idan tana da kayan ja na kamfani, wasu nau'o'in Hilux na baya-bayan nan kuma har kilo 3,500. Su ma sai an duba littafin kowace, domin shekara da injin suna canza lambar. Wanda tafiyarsa sau ɗaya ko biyu ce a shekara zai fi samun sauƙi idan ya ɗauki hayar a-kori-kura ta kai masa ɗakin gona ko wurin aiki ta ajiye, shi kuma ya bi bayanta da iyalinsa a ƙaramar motarsa.